Ranar da Na Wuce Anti Sikira

Takalmin da na shiga tseren da shi, a tashar Minna muka saye shi, ta tagar jirgin ƙasa. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma ban taɓa wuce Wudil ba. Daga firamaren Gaya aka ɗauke ni aka tura ni makarantar kwana ta 'yan mata can wajen Ilori, shekara biyu bayan an gama yaƙin basasa. Kawu Modu, ƙanen mahaifiyata, shi aka sa ya raka ni, saboda ya taɓa fataucin wake zuwa kudu.

A takardar da makaranta ta aiko an ce a zo da farin takalmin kambas, mu kuma ba mu tuna ba sai da muka yi nisa. Da jirgi ya tsaya a Minna wani mutum ya zo jikin taga da takalma rataye a wuyansa. Ya miƙo ƙafa ɗaya na gwada, ta yi mini daidai. Sai ya tsaya yana zuba wa Kawu hira, wai shi ma kakarsa 'yar Gaya ce, har jirgi ya yi kuka. Sannan ya naɗe takalmin a jarida da sauri ya cusa mana. Na ga ɗaya ƙafar daga wata igiya daban ya ciro ta, amma ban ce komai ba. Ni haka nake, idona yana gani, bakina ne ba ya buɗewa. Sai da muka wuce Zungeru Kawu ya warware jaridar. Ƙafar dama ta fi ta hagu tsawo da yatsa biyu.

"Jikan 'yar Gaya!" in ji Kawu, ya leƙa taga kamar zai hango shi. "Allah ya isa. Ke kuma Falmata ba ki gani ba?"

"Na gani, Kawu."

"Kin gani kika yi shiru?"

Na sunkuyar da kai. Wata Banufiya da ke zaune kusa da mu da kwandon busasshen kifi ta yi dariya har da hawaye. Ta farke bakin matashin da take jingine da shi, ta yago auduga ta cusa a gaban babban takalmin, ta ce in sa. Ya zauna. Da muka hau gadar Jabba na ga ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, na rufe ido, ita ce ta riƙe mini hannu har muka haye. A nan ta sauka, ko sunanta ban tambaya ba.

Makarantar tana bayan gari, cikin itatuwan da ban san sunayensu ba. Tuwon farko da aka ba ni baƙi ne, na garin doya, na zaci ƙonewa ya yi. Ruwan sama yana sauka a watannin da a ƙauyenmu Toranke ko hadari ba a gani. 'Yan Kano biyu na tarar a ajinmu, 'yan birni ne, sun san juna tun gida, in na yi magana sai su kalli juna su ce bakin ƙauye. Sai na ƙara rage maganar.

Kowace sabuwar ɗaliba ana haɗa ta da wata babba da za ta kula da ita, muna ce mata uwar ɗaki. Tawa ita ce Anti Sikira, Bayarabiya 'yar aji huɗu, doguwa mai wushirya. A Sabon Gari a Kano aka haife ta, tana da shekara bakwai iyayenta suka dawo da ita, shi ya sa take jin Hausa. Ita ta nuna mini alƙibla ranar da na zo. Da zazzaɓi ya kayar da ni, ita ta riƙa ɓoyo mini ruwan zafi daga kicin cikin gwangwanin madara. Ni kuma ina ɗebo mata ruwa, ina wanke mata kwano, kuma duk inda za mu ina bayanta.

"Ke zo gefena mana," takan ce. "Tunkiyata ce ke?"

Sai in matso taku biyu, kafin mu kai ɗakin cin abinci na koma baya. A gidanmu ƙarami ba ya shiga gaban babba a hanya. In ta kama dole, misali kana ɗauke da abincin masu noma ka tarar da dattijo a burtali, sai ka rage tsawo ka ce gafara, ka jira a ce maka wuce. Kakata, wadda ta riƙe ni tun yaye, ta taɓa karya tsumagiya a jikina saboda na wuce wani tsoho a hanyar ƙauyen Gafasa ban jira amsarsa ba.

Hutu uku suka zo suka wuce ban je gida ba. Damina ta ƙi a ƙasar Kano shekarar, gero bai yi ba, babu mai zancen jirgi a gidanmu. A wajen matiron, mai kula da ɗakunan kwananmu, nake zama, ni da wasu 'yan nesa biyar, muna shara muna tsinke mata ganyen miya. Abin da na fi kewa ƙamshin ɗakin Kaka ne, turaren wuta da man shanu, da yadda take zagin kaji da Barbarci in Hausa ta ƙi isarta.

A farkon shekarata ta biyu wasiƙa ta zo, malamin firamare ya rubuta a madadin Baba. Bayan gaisuwa aka ce: "Yanar ido ta rufe wa kakarki na dama, na hagun ma ya fara. Ta ce a gaya miki, in za ki zo ki zo tun tana iya bambanta mutum da turmi." Na karanta a bayan kicin sau uku, na ninke na sa a cikin littafin lissafi. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan mako biyu, a taron safe, malamar wasanni ta ce za a yi gudun fanfalaki na makarantun 'yan mata na yankin, mil biyar a kan titi, daga filin gari zuwa wata gada a dawo. Ta ce uku na farko za su bi tawagar jiha zuwa wasannin da za a yi a Kano. Ban ji sauran maganar ba. Daga Kano zuwa Gaya tafiyar rabin yini ce a babbar mota.

Ni da ko hannu ban taɓa ɗagawa a aji ba, kwana uku ina zuwa ƙofar ofishinta ina tsayawa ina komawa. A rana ta uku ta fito ta kama ni.

"Me kike so?"

"A rubuta sunana, Malama."

Ta kalli ƙafafuwana, ta kalli fuskata. "Kin taɓa gudu?"

"Ina kai abinci gona."

Ba ta gane ba, amma ta rubuta. Gonarmu tana tsakanin Toranke da Gafasa, kusan mil uku cikin rairayi. Tun ina da shekara bakwai nake kai kunu a ƙwarya, kuma sharaɗin Kaka biyu ne, ya isa da zafinsa, kada ɗigo ya zuba. Sai sassarfa: gajeren taku, kai ba ya motsi, babu tsayawa. Da haka na fara gwaji da safe, 'yan mata suka yi ta dariya, wai ina gudu kamar mai tallan ƙwai. Bayan mako biyu suka daina, don duk inda aka zaga aka dawo ni ce ta biyu.

Ta ɗaya kullum Anti Sikira ce. Yanzu tana ajin ƙarshe, ita ma Kano take so, ta ce tana son ta ga gidan da aka haife ta ko sau ɗaya kafin ta gama. Ina biye da dugaduganta har mu iso, Malama ta ɗauka iyakar ƙarfina ke nan. Ni ma ban taɓa gwada sanin iyakarsa ba. Da aka raba gajeren siket na gudu na riƙe nawa na kasa sawa, Anti ce ta yanka wani tsohon zaninta ta ɗinka mini wando har ƙasan gwiwa, ta je ta roƙi Malama aka bar ni da shi. Sauran matsala takalmi. Ƙafata ta girma, na cire audugar, yanzu na dama ya yi mini daidai, na hagun ne yake cizo.

Ranar tseren an ce ƙarfe bakwai na safe. Babban baƙon da zai ɗaga tuta bai iso ba sai bayan ƙarfe goma. Muna tsaye a rana mu kusan arba'in, na danna diddigena a kwalta na ga ya bar alama.

Da aka busa usur kowa ya zabura kamar an saki kare a baya. Kafin mu fita daga kasuwa na zama kusan ta ƙarshe. Mata masu sayar da barkono suna ta ihu da Yarbanci, na san da ni suke, na kafa ido a ƙasa na ci gaba da sassarfata. A ƙarshen mil na farko na fara tarar da masu zabura, wata ta riƙe haƙarƙari, wata ta zauna a bakin kwalbati tana amai. Akwai wata babbar mota da ta lalace, an jera ganye a titi don masu zuwa su gani, na ƙirga tarin ganyen guda tara don in manta da ƙafata. Da na duba ƙasa na ga jini ya huda farin kambas a kan babban yatsan hagu, kamar an ɗiga lalle.

A gadar da ake juyowa wani malami yana zaune da tambari, yana buga wa kowa shuɗiyar tawada a hannu, shaidar ta kai. Tun kafin in isa na ƙirga waɗanda suka juyo, su bakwai. Yana buga mini na tsaya na cire takalman na riƙe, ɗaya a kowane hannu. Kwalta ta gasa ni kamar tanda, sai na koma bakin titi inda akwai siririyar jar ƙasa mai tsakuwa. Tsakuwar tana suka, amma ta fi wuta.

Huɗu na wuce a mil na uku. 'Yan wasu makarantu ne, ba su san ni ba, na kawar da kai na wuce su kamar ɓarauniya. Da na kai wani babban mangoro na ɗaga ido. Biyu sun yi nisa, ta farkon ma ba na hango ta. Ta uku tana gabana kaɗan, a kan jar ƙasar da nake bi, kuma na san wannan bayan ko a cikin mutum dubu. Ina isa gare ta ƙafafuwana suka rage gudu da kansu.

Numfashinta yana fita kamar zuga-zugin maƙera. Kafaɗarta ta dama ta faɗi, kanta yana rangaji. Ni kuwa da sauran ƙarfina, ina jin sa a cinyoyina. Na bi ta. Na ce in mun kai wancan turken waya zan wuce, muka kai ban wuce ba. Na ce to wancan masallacin, muka wuce shi ina baya. In na tuna wasiƙar da ke cikin littafin lissafi sai in matsa, in na kalli wandon da ke jikina sai in ja baya. Haka muka ci kusan mil guda.

Da muka zo gidan mai na bakin gari na matsa gefenta na rage tsawo, ina gudun ina lanƙwasa gwiwa.

"Anti, gafara."

Ba ta amsa ba.

"Anti, gafara in wuce."

Ta kaɗa hannu a iska. Ban san ko wuce take nufi ba ko rabu da ni. Sai na yi abin da jikina ya saba. Na tsaya cak, na durƙusa a bakin titi, takalma a hannu, ina jiran amsa. 'Yan kallo suka ɗauka faɗuwa na yi, wani mai faci ya taho a guje da ruwa a kwano. A daidai lokacin wata mai rawayar riga ta zo ta wuce ni, ta wuce Anti, ko waiwaye ba ta yi ba.

Na zama ta biyar, ina durƙushe. Na kalli bayan Anti yana nisa, na gane babu wanda zai ce mini wuce, yau ko gobe. Wadda ta koya mini jiran amsa ita ce ta aiko a ce in zo, kuma idonta ba zai jira ni ba. Na miƙe. Anti tana kan jar ƙasar, babu hanya sai kwalta, na hau kwaltar. Na wuce ta ba tare da izini ba, ban kalli fuskarta ba. Ban san lokacin da na saki takalman ba.

A nan na bar sassarfa. Na buɗe ƙafa na yi gudun da ban taɓa yi ba, tafin ƙafata yana manne wa titi yana ɓanɓarowa. Saura ƙasa da mil. Mai rawayar riga ta ji sawuna ta waiwayo, ta sake waiwayowa, kuma duk waiwaye sai ta yi asarar taku. Ni wuyana bai saba juyawa ba. Bakina ya bushe, gefen idona ya fara duhu, ina jin ganga da ihu kamar daga cikin rijiya. A ƙofar filin na kamo ta. Muka jera kafaɗa da kafaɗa, gwiwar hannunta tana dukan haƙarƙarina, na ce a raina ko zan mutu sai dai in mutu a gabanta. Ta biyun tana tangaɗi ta tsallake igiya, ni ina bayanta da 'yan taku kaɗan. Wani ya kama hannuna ya duba tawadar, ya ɗaga yatsa uku.

Ina zaune a ciyawa matiron tana ɓanɓare mini kwalta daga bororon ƙafa, sai takalmana suka faɗo a cinyata. Anti Sikira ce, ta shida ta zo, kuma ta tsaya ta tsince su a hanya.

"Ke wace irin mutum ce?" in ji ta. "Tun daga mangoron nan nake jin sawu a ƙeyata. Na ɗauka 'yar wata makaranta ce, na ƙone ƙarfina ina guje mata. Ashe ke ce!"

"Yi haƙuri, Anti."

"Da kin wuce tun can kin ja ni, da mun kamo waccan mai tangaɗin, mu tafi tare. Sai kuma ki durƙusa mini a titi? Sarauniyar Ingila ce ni?"

"Gafara na nema."

"Ina da numfashin ba ki gafara?"

Ta juya ta tafi tana share ido da gefen riga. Gaskiya ta faɗa, kuma har yau in na tuna sai in ji nauyinta. Ladabin da na yi mata shi ya hana ta Kano. Kwana huɗu ba ta yi mini magana ba, ni kuma ban fasa ɗebo mata ruwa ba, ina ɗingishi. Ranar da za mu tafi ta zo bakin mota, ba ta kalle ni ba ta ce, "Gidan yana kusa da famfo, ƙofar shuɗiya ce, akwai gwanda a ciki. Ki duba ko tana nan." Na duba. An kai mu Sabon Gari sayen sabulu, na ga famfo biyu da shuɗiyar ƙofa huɗu, babu gwanda ko ɗaya da ta leƙo ta katanga. Haka na gaya mata da na koma, ban ƙara komai ba.

Tseren Kano ba abin ba da labari ba ne. Ƙafata ba ta warke ba, kuma akwai 'yan Jos da suke gudu kamar ba sa taɓa ƙasa. Ban ma san ta nawa na zo ba, na dai gama. Malama ta riga ta rubuta wa Baba, ina fitowa daga fili na ga Kawu Modu a bakin ƙofa, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Kwana biyu aka ba ni.

Muka shiga motar Gaya da safe. A Wudil kogin ya zama rairayi, yara suna wasa a tsakiyarsa. Daga Gaya Kawu ya ɗauke ni a bayan keke, inda yashi ya yi yawa mu sauka mu tura. Na ga gonaki babu ko kara, an kwashe wa dabbobi. Na ga rumbuna a buɗe. Ban tambayi Kawu idon Kaka ba, shi ma bai faɗa ba.

Da azahar muka shiga gida. Tana zaune a rumfar ƙofar ɗakinta, tana ɓare gyaɗa da lalube. Na yi sallama. Hannunta ya tsaya.

"Wannan murya kamar ta wata marar kirki da ta tafi ƙasar Yarbawa ta manta da mu."

Na zo zan durƙusa a gabanta, ta ce, "A'a, nan duhu ne. Kama ni, fitar da ni rana."

Na kama ta muka fita tsakar gida. Ta juya ni na fuskanci rana, ta riƙe haɓata, ta kawo idonta na hagu kusa da fuskata har ina jin ƙamshin goro a numfashinta. Baƙin idon ya yi fari-fari a gefe, tsakiyar ce kawai ta rage. Ta fara daga goshi ta gangaro a hankali, ta tsaya a hanci, ta koma kunne, ta dawo. Mahaifiyata da ƙannena suna tsaye, babu mai motsi. Hawaye yana zubo mini, na rana da wanda ba na rana ba, amma ban ƙifta ba.

"Kin yi baƙi," in ji ta. "Ga wuya kamar na zalɓe. Ba sa ba ku abinci ne?"

"Suna ba mu, Kaka."

"Ƙarya kike. Kuma kin fi ni tsawo, ba ki ko ji kunya ba."

Ta ƙara kallona, ta daɗe. Sannan ta saki haɓata.

"To, na gan ki. Mayar da ni inuwa."